Tarihin Ragowar Mai, Daga Tunkuza Zuwa Inzayim

Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, har dalar gyaɗa ta tashi a hannun attajirai irin su Alhassan Ɗantata, matan ƙasar Hausa sun riga sun fahimci cewa abin da ya rage bayan an matse mai ba abin zubarwa ba ne. Mace takan soya gyaɗa, ta niƙa, ta riƙa yayyafa ruwan zafi tana juyawa da muciya har mai ya taso, sa'an nan ta murza tunkuzar ta toya ƙuli-ƙuli, wanda sau da yawa shi ne ribar wahalarta.

Da injuna suka karɓi sana'ar, sai ragowar ta sake kama. Domin mai ya fito garau, akan wanke shi da ruwa, a zuba masa soda, a busa masa tururi mai tsananin zafi, kowane mataki kuwa yana barin nasa datti, alhali a cikin dattin nan akwai lesitin da bitamin E, dukiyar da aka daɗe ana tozartawa, abin takaici, ko a sarrafa ta da asid mai ƙuna wanda ke gurɓata ruwa.

Wata hanyar sarrafa mai ta daban ta ɓullo a 1902, lokacin da wani masani a Jamus, Connstein, da abokan aikinsa suka bayyana cewa ƙwayar zurma, wannan dai da ke tsirowa a bayan gidajenmu, tana ɗauke da inzayim, sinadarin da Allah Ya kimsa cikin halittu, mai iya rarraba mai ba tare da wuta ba. Masu sabulu suka jarraba, amma jinkirin aikin ya sa akasarinsu suka koma ga zafi.

Sai bayan 1990 kamfanin Lurgi ya shigar da inzayim cikin tace mai, ta yadda man da dā ke salwanta cikin datti ya ragu. Sai dai inzayim ɗin da Lurgi ya fara amfani da shi daga cikin alade aka ciro shi, mas'alar da babu Musulmin da zai ɗauke ta da sauƙi, haka ma Yahudawa. Wannan shubuha tana cikin dalilan da suka sa masana suka juya ga ƙananan halittu dangin funfuna, kuma da inzayim ɗinsu ne a yau ake mayar da dattin matata man injin dizal, ake kuma sauƙaƙa tsamo bitamin E daga abin da tururi ya kwaso.