Kasuwar Kaka da Ɗakin Amarya a Yankin Sabuwa

Da zarar an karya masara, an yanke dawa, auduga ta shiga buhu, sai kasuwannin kudancin Katsina su canza kama. A Sabuwa da Dandume da Faskari kaka ce lokacin aure, domin a nan manomi ke da kuɗi a hannu. Uwa ta taho da ƙannenta da ƙawayenta, a bi rumfa-rumfa ana taya kayan ɗaki. Wannan baje kolin ya girmi duk wanda gwamnati ke shiryawa.

A da, jeren amarya daga gona da fadama yake fitowa. A fafe duma, gwani ya zana ƙwarya da wuƙa ko ƙarfe mai zafi, a jera ƙoruka manya da ƙanana. Mata su saƙa faifai, a kawo tabarmar kaba, masassaƙi ya fito da akushi da turmi, maginiya ta gasa randa da tulu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, ta ba da labarin aure da hidimominsa a wancan zamani, kuma Giwa ba ta da nisa da Sabuwa.

Auduga ce ta sauya ɗakin. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa, garin ya zama cibiyar saye da gurzar auduga. Kuɗin kaka suka ƙaru, 'yan koli suka shigo ƙauyuka da tasa da langa da fanteka masu furanni. Da farko daga ƙetare ake kawo su, sai a 1960 aka kafa kamfanin yin irin kwanonin a Ikeja. Gado mai rumfa ya ture gadon kara, kwanuka suka hau bango har kusa da rufi. Kada a ɗauka ado ne kawai: dukiyar mace ce ta kanta, in ta matsu ta sayar, in 'yarta ta isa aure ta ɗiba mata.

Daga baya tangaran da kuloli da robobin Sin suka biyo ta Kano. Abin takaici, masu zanen ƙwarya sun yi ƙaranci, ko da yake faifai da turmi da maburgi sun ƙi barin kayan amarya.

Rashin tsaro ya taɓa kasuwar sosai. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, saboda 'yan bindiga. Matakin ya faɗo ana gab da kaka, daidai lokacin da uba ke kai sa ko rago kasuwa don ya cika kuɗin gado da katifa.