Sinadaran da ke sasanta dakarun garkuwar jiki

Daga cikin fararen ƙwayoyin jinin da ke kare ɗan Adam daga cututtuka, akwai wasu iri biyu da aikinsu ya saɓa wa juna.

Na farko, waɗanda masana ke kira Th17, su ne ke tayar da kumburi domin yaƙar ƙwayoyin cuta. Na biyu kuwa, wato Treg, aikinsu shi ne tsawatar wa sauran dakarun, don kada su far wa jikin da suke karewa.

Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan ne ya bayyana Treg a shekarar 1995, kuma a 2025 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Amurkawa biyu, Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Abin mamaki shi ne, tushen ƙwayoyin biyu ɗaya ne. Ƙwayar da ba ta riga ta nuna ba za ta iya zama kowanne, kuma daga cikin abubuwan da ke karkata ta akwai sinadaran enzayim, wato nau'in furotin da ke hanzarta ayyukan cikin jiki.

Ƙwayoyin Th17 na shan sukari da yawa, suna kuma ƙera kitsen da suke bukata da kansu, da taimakon enzayim mai suna ACC1. Su kuwa Treg, tsotsar kitse suke yi daga kewayensu. A shekarar 2014 masu bincike a birnin Hannover na Jamus suka nuna cewa, in aka toshe ACC1 a jikin ɓeraye, Th17 na raguwa, Treg kuma na ƙaruwa.

Haka ma enzayim ɗin mTOR. Maganin rapamaisin, wanda aka samo daga wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasar tsibirin Rapa Nui, shi yake dannewa, kuma tun 1999 Amurka ta amince a riƙa ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, don kada jikinsu ya ƙi sabuwar ƙodar.

To sai dai lamarin takobi ne mai kaifi biyu. Rinjayen Th17 na da hannu a cututtuka irin su amosanin gaɓɓai, amma in Treg suka yi yawa a kewayen ciwon daji, sai su hana garkuwar jiki kai masa farmaki. Wasu nau'o'in cutar dajin ma kan samar da enzayim ɗin IDO domin janyo Treg su ba su kariya.