Sharhi da Tahmisi da Raddi a Tsakanin Marubutan Ƙasar Hausa

Malaman ƙasar Hausa na dā, idan littafin wani ya shigo hannunsu, ba su kan tsaya ga karatu kurum ba, sai sun ba shi amsa da alƙalami, ko dai su yi masa sharhi, ko su taƙaita shi, ko su mayar da zubensa waƙe domin almajirai su haddace, ko kuwa su yi masa raddi in sun ga ya kauce. Daga cikin mafi daɗewar abin da ya iso gare mu akwai sharhin da Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi wa Ishriniyar Alfazazi, wadda har yau ake rera ta a watan Mauludi daga Katsina har unguwannin Abuja.

Amma zamanin da al'amarin ya kai matuƙa shi ne na jihadin Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, duk da irin girman da yake ba malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, bai yarda da fatawarsa ta kafirta mai aikata babban zunubi ba, ya kuwa rubuta hujjojinsa ba tare da ya zubar da ladabin almajirci ba. Ƙanensa Abdullahi, da ya ga abin da bai gamshe shi ba ga shugabannin jama'a bayan nasara, sai ya nufi gabas, ya tsaya Kano, ya wallafa Liya'ul Hukkami wajen 1806 ko 1807, gama masana sun saɓa a kan shekarar. Shehu ya sassauta hukunci a Najmul Ikhwani na 1812 game da kiɗa da tufafin ado da laƙabin sarauta, Abdullahi kuma ya bayyana nasa ra'ayi a Liya'us Sulɗani, wa da ƙane suna jayayya da nassi, kowa yana kawo maganar magabata. A ganinmu nan ne mafi darajar wannan tarihi, domin saɓanin bai raba zumunci ba. A shekarar 1812 ɗin dai Muhammadu Bello ya shigar da wasiƙun Shehu Alkanemi na Barno cikin Infaƙul Maisuri, tare da amsoshin da aka ba shi, ya bar hujjar abokin jayayya a rubuce yadda mai karatu zai auna da kansa.

Ta fuskar waƙa kuwa tahmisi ne babbar hanya, wato a ƙara ɗango uku a kan kowane baiti na mai asali, ya zama biyar. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce: Shehu Usmanu ya tsara ta da Fulatanci, kuma riwayar da muka fi amincewa da ita ita ce Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗan'uwanta Isa ya yi mata tahmisi.

Bayan zuwan Turawa a 1903 sharhi ya fara komawa shafukan jaridu da mujallun boko. Rubuce-rubucen na dā ana adana da yawansu a Arewa House ta Kaduna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.