Zarto Ya Koma Wurin Gungume: Tarihin Ƙaramin Injin Tsaga Katako

A shekarar 1768, ɗaruruwan masu tsaga katako da hannu suka yi gangami a unguwar Limehouse da ke gabashin Landan, suka afka wa wani injin tsaga katako mai aiki da iska, mallakar wani attajiri mai suna Charles Dingley, suka farfasa shi. Ƙorafinsu a fili yake: injin zai raba su da hanyar cin abincinsu. Gwamnati ta biya Dingley diyya, sannan a shekarar da ta biyo baya majalisar dokoki ta kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya rushe irin wannan inji.

Yau, bayan shekara ɗari biyu da hamsin, a ƙauyukan Amurka da Kanada da Suwidin, malamin makarantar da ya yi ritaya kan ɗaura wa motarsa wani ƙaramin inji ranar Asabar, ya ja shi zuwa gonar maƙwabci, ya tsaga gungume har la'asar, don sha'awa kawai. Abin da a da sai mai jari mai kauri yake mallaka ya zama kayan ɗebe kewa. Hanyar da aka bi aka iso nan ta rataya ne a kan tambaya guda: tsakanin gungume da zarto, wa zai je wurin wani?

Lokacin da zarto ke tafiya a kafaɗa

Tambayar ta samo asali ne daga nauyi. Ɗanyen gungume na itace mai tauri, mai faɗin santimita 60 da tsawon mita uku, yakan haura kilo 800. Kafin zuwan inji, ya fi sauƙi a ɗauki zarto a kai shi inda bishiya ta faɗi. Sai a haƙa rami, a gitta gungumen a bakinsa, mutum ɗaya ya tsaya a sama, ɗaya a cikin ramin, su riƙa jan dogon zarto sama da ƙasa, garin katako yana zubo wa na ƙasa a ka. Aiki ne mai cin rai, amma jarinsa kaɗan ne, kuma sana'ar tana hannun masu yin ta.

Dabarar sa ruwa ya ja zarto tsohuwa ce. A Hierapolis, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, an samu zanen injin yanka dutse mai aiki da ruwa a jikin wani akwatin gawa na dutse na ƙarni na uku, zamanin Rumawa. A ƙarni na 13, wani Bafaranshe mai suna Villard de Honnecourt ya zana injin tsaga katako mai aiki da ruwa a cikin kundin zane-zanensa. Babban sauyi kuwa ya zo ne daga Holan a 1594, lokacin da Cornelis Corneliszoon na garin Uitgeest ya haɗa injin iska da sandar ƙarfe mai gwiwa, irin wadda makanikai ke kira karanshaf, ta yadda juyawar fukafukai ta koma kai-komon zarto. Cikin 'yan shekaru yankin Zaan, a arewacin Amsterdam, ya cika da irin waɗannan injuna, kuma katakon da suke fitarwa cikin sauri da araha ya taimaka wa Holan ta yi fice a ƙera jiragen ruwa a ƙarni na 17.

Sai dai ruwa da iska ba sa bin mutum daji. Inji yana kafe a bakin kogi, dole gungume ya zo ya same shi. Daga nan sana'ar ta fara zamewa daga hannun mutum biyu masu zarto zuwa hannun wanda ya mallaki fili a bakin ruwa da kuɗin gini. Wannan shi ne abin da mutanen Limehouse suka hango.

Zamanin manyan injuna

Ƙarni na 19 ya kawo injin tururi da zarton faifai mai juyawa, wanda wani Samuel Miller na Southampton ya yi wa rajista tun 1777. A jihohin Michigan da Wisconsin da Minnesota na Amurka, inda dazuzzukan dogayen bishiyoyin nan da ake kira white pine suke, an kafa masana'antu masu haɗiye dubban gungumai. Ana sare bishiyoyi lokacin sanyi, a tara su a gaɓar kogi, idan ƙanƙara ta narke a tura su cikin ruwa su gangara zuwa garuruwa irin su Saginaw. Michigan ta yi shekara kusan talatin tana kan gaba a samar da katako a Amurka, amma zuwa farkon ƙarni na 20 dazuzzukan sun kusa ƙarewa, aka bar kututture da tarin busassun rassa. Irin wannan tarin yana cikin abin da ya rura gobarar Peshtigo a Wisconsin ranar 8 ga Oktoban 1871, wadda ta kashe fiye da mutum dubu ɗaya.

Injin tururi yana da wata fuska ta biyu: ana iya ɗora shi a kan ƙafafu. Kamfanoni irin su Frick na jihar Pennsylvania sun ƙera injunan da dawakai ko shanu ke ja zuwa cikin daji, a kafa su na 'yan watanni, idan itacen wurin ya ƙare a kwance a yi gaba. Daga baya tarakta ta maye gurbin tukunyar tururi. Amfanin irin waɗannan injuna ya fito fili bayan guguwar watan Satumban 1938, wadda ta kayar da bishiyoyi ba iyaka a yankin New England. Gwamnatin tarayya ta sayi gungumai daga hannun manoma ta jibge su a cikin tafkuna don kada su ruɓe, aka kafa ƙananan injuna a bakin tafkunan. A ɗaya daga cikinsu, Turkey Pond kusa da Concord a jihar New Hampshire, mata ne suka riƙe aikin daga 1942, saboda maza sun tafi yaƙi ko masana'antun kayan yaƙi.

Duk da haka, waɗannan injuna na sana'a ne. Suna buƙatar mutum da yawa, suna da haɗari, kuma faifan zarton yana da kauri sosai.

Abin da siririn zarto ya sauya

Duk inda zarto ya ratsa, yana mayar da wani ɓangare na itacen gari. Zarton faifai na tsohon yayi yana cin kimanin milimita 6 zuwa 8 a kowane yanka. Siririn zarto mai kama da ɗamara, wanda ke zagaya ƙafafu biyu ba tsayawa, yana cin milimita 2 zuwa 3 ne kacal. A ɗauki gungumen da aka daidaita gefunansa ya zama mai kaurin santimita 40, ana son a fitar da katakai masu kaurin inci ɗaya. Zarton da ke cin milimita 7 zai ba da katako 12. Wanda ke cin biyu da rabi zai ba da 14. Ban da ƙarin katako, siririn zarto ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa, don haka ƙaramin injin fetur ya ishe shi.

Shi ma wannan zarto ba sabo ba ne. William Newberry ya yi masa rajista a Ingila a farkon ƙarni na 19, amma ya daɗe ba ya amfani, domin mahaɗar bakinsa biyu takan tsinke. A 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crépin, ta samo hanyar haɗa bakin ya riƙe, kuma zuwa ƙarshen ƙarnin manyan masana'antu sun rungumi manyan zaratan ɗamara. Mayar da shi ƙarami, mai araha, wanda mutum ɗaya zai sarrafa, shi ne ya jira har 1982, lokacin da Don Laskowski da Dan Tekulve suka kafa kamfanin Wood-Mizer a birnin Indianapolis. A tsarinsu gungume yana kwance a kan gadon ƙarfe ba ya motsi, zarton ne ke tafiya a kwance daga wannan kai zuwa wancan, yana yanke katako ɗaya bayan ɗaya daga sama. Gadon kansa tirela ce da ƙaramar mota ke ja.

Wasu kuma sun bi ta wata hanya. Zarton inji mai sarƙa, wanda Jamusawa irin su Andreas Stihl suka fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1920, an yi masa firam na ƙarfe da ke riƙe shi a miƙe don ya tsaga gungume a tsawonsa. Kamfanin Granberg na California ya yi suna da irin wannan firam, haka ma Logosol da aka kafa a Suwidin a 1989. A Kanada, kamfanin Norwood ya shigo da injin ɗamara da mai saye ke harhaɗawa da kansa a gida.

Me ya sa ya zama abin sha'awa

Inji shi kaɗai bai isa ya haifar da wannan al'ada ba. Abu na farko da ya taimaka shi ne dawowar daji. Gonakin da aka share a New England a ƙarni na 19 an yi watsi da su da noma ya koma yamma, bishiyoyi suka sake tsirowa, har yau sama da kashi 80 cikin ɗari na jihohin Maine da New Hampshire daji ne. Na biyu shi ne mallaka: fiye da kashi ɗaya cikin uku na dazuzzukan Amurka yana hannun iyalai da ɗaiɗaikun mutane, a Suwidin kuwa kusan rabi ne. Mai eka ashirin da guguwa ta kayar masa da bishiya uku, babu babbar masana'antar da za ta turo masa mota, amma shi itacen nasa ne, doka ta san haka.

Na uku shi ne itacen cikin gari. Manyan masana'antu suna gudun bishiyar da ta girma a ƙofar gida, saboda ƙusa ko waya da ke ɓoye a cikinta na iya lalata zarto mai tsada ta kuma tsayar da aiki. Mai ƙaramin inji idan ya ci karo da ƙusa, asararsa siririn zarto guda ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Da aka gano wani ƙwaro mai kashe bishiyar ash a kusa da Detroit a 2002, ya kuma hallaka miliyoyin bishiyoyi, ƙananan injuna ne suka mayar da wasu daga cikinsu tebura da daɓen ɗaki maimakon itacen wuta. A watan Mayun 2021 kuma, a tsakiyar annobar korona, farashin katako a kasuwar Amurka ya ninka abin da aka saba har kusan sau huɗu, masu saye suka yi wa kamfanonin ƙananan injuna caa, har sai mutum ya yi watanni yana jiran nasa.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tsagawar ita ce ɓangare mafi sauƙi. Dole a juya gungume mai nauyin rabin tan, a riƙa sauya zarto ana wasa shi bayan 'yan sa'o'i, sannan a jera katakon a inuwa, a sa ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a shafe bakin kowane katako da fenti ko kakin zuma don kada ya tsage. Ƙa'idar da masu aikin suka saba ambata ita ce shekara guda ta shanya ga kowane inci na kauri. Wanda ya yi gaggawa zai ga teburinsa ya tanƙware. Akwai kuma shingen doka: a yawancin jihohin Amurka katakon gina gida sai mai hatimin tantancewa, ko da yake wasu jihohi, ciki har da New Hampshire, sun yi sassauci ga katakon da ƙananan injuna suka tsaga.

Abincin wani

Inda mallaka ta sha bamban, labarin zarto mai tafiya ma ya sha bamban. A Ghana, bishiyar katako da ta tsiro da kanta tana ƙarƙashin ikon gwamnati ko da a gonar manomi take, tun dokar 1962. Manyan masana'antu sun fi mayar da hankali ga kasuwar waje, sai masu zarton sarƙa suka cike giɓin kasuwar cikin gida, suna tsaga bishiya a inda suka kayar da ita, 'yan dako su fito da katakon a ka. Gwamnati ta haramta wannan sana'a a 1998, amma bincike bayan bincike ya nuna cewa mafi yawan katakon da ake sayarwa a kasuwannin Akra da Kumasi da sauran garuruwa daga gare su yake fitowa. Zarton sarƙa yana cin kusan santimita guda a kowane yanka, kuma aikin ɓoye ba ya ba da damar natsuwa, don haka ɓarnar itace tana da yawa. Manomin da bishiyar ba tasa ba ce a idon doka, ba shi da dalilin rainon ta. Gara ya karɓi ɗan abin da mai zarto zai ba shi a yau, kafin kamfani mai lasisi ya zo ya kayar da ita a kan kokonsa. Wannan ne ya sa a shekarun baya hukumomin Ghana da ƙungiyoyin kare daji suka fara gwada ba wa masu zarton sarƙa horo da ƙananan injunan ɗamara, tare da neman hanyar da za su samu gungume bisa doka.

Ƙarfen iri ɗaya ne a New Hampshire da yankin Ashanti. A wuri ɗaya yana ceto bishiyar da ta riga ta faɗi, saboda mai ita ya san zai ci moriyar wadda za ta tsiro a gurbinta. A ɗaya wurin yana gaggauta faɗuwar wadda ke tsaye, saboda babu wanda ke da tabbacin za ta kai baɗi a hannunsa. Masu ƙera inji sun warware matsalar nauyin gungume da kaurin zarto tun shekarun 1980. Tambayar da ta rage ta masu yin doka ce, kuma a ƙasashe da dama har yanzu ba a amsa ta ba: bishiyar ta wace ce?