Tarihin Fijo 504 Da Darajar Tsohuwar Mota

 Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma kuma wanda bai san inda aka fito ba, da wuya ya san inda aka dosa. Don haka a wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace mu waiwayi tarihin wata mota wadda kusan kowanenmu ya taɓa shiga, ko dai ta mahaifinsa, ko ta shugaban makaranta, ko kuwa ta haya a tasha ranar komawa hutu. Wannan mota ita ce Peugeot 504, wadda bakinmu ya saba kira Fijo.

Asalin kamfanin Peugeot na wasu iyali ne a gabashin ƙasar Faransa, waɗanda suka fara da ƙera zarto da injin niƙan gahawa da kekuna tun kafin su shiga sha'anin mota a ƙarshen ƙarni na 19. Zakin nan da muke gani a goshin motar ma tambarin zartonsu ne tun farko. A shekarar 1960 suka fito da Fijo 404, wadda ta yi suna a Afirka saboda juriya, har ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, wato a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ita ce kuma ta ba mu a-kori-kurar nan da ta yi shekaru tana jigilar hatsi da awaki zuwa kasuwannin ƙauye. A 1968 sai ƙanwarta 504 ta fito, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana wa siffa. Aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ita ma kuma ta lashe tseren Safari a 1975.

To, me ya haɗa wannan mota da ƙasarmu har ta zama kamar 'yar gida? Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, kuɗin man fetur suka fara shigowa, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙudurta cewa a riƙa harhaɗa motoci a cikin gida. Aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara aiki a 1975. A farkon lamarin, da jirgin sama ake kwaso sassan motar daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a ɗauko su zuwa Kaduna a harhaɗa. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa Beetle a Legas, motar nan mai inji a baya wadda ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta, wadda Yarbawa suka laƙaba wa Ijapa, wato kunkuru. Daga baya aka samu masana'antun manyan motoci: Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da ANAMMCO mai harhaɗa Marsandi a Inugu.

Abu biyu suka ɗaga Fijo sama. Na farko shi ne ƙarin albashin Udoji da ma'aikata suka karɓa a farkon 1975, ga kuma bashin mota da gwamnati ke bai wa ma'aikacin da ya kai matsayi. Malaman sakandare da yawa a wancan zamani da wannan bashi suka sayi motarsu ta farko sabuwa dal, wasunku kuma, iyayenmu malamai, shaida ne. Na biyu kuwa, bayan an kashe Janar Murtala Muhammed a cikin baƙar Marsandinsa a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, ta mai da Fijo motar jami'an gwamnati. Tun daga gwamna har zuwa babban sakatare, har 'yan sanda, kowa Fijo. Ita kuwa waccan Marsandi tana nan a ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, da huhujen harsashi a jikinta.

Ban da gatan gwamnati, motar ita kanta ta dace da hanyoyinmu. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, da tayoyin baya take ja, injinta mai silinda huɗu ne da kafireta, ba shi da wata na'urar kwamfuta da za ta ɗaure wa bakanike kai. Mai gyara a gindin bishiya, da sifana da sukurdireba, sai ya tashe ta. Doguwar kuma, mai layin kujeru uku, ita ce ta riƙe hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta Kaduna zuwa Sakkwato shekara da shekaru.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta karye. Tun da yawancin sassan motar daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare, sai sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Jama'a suka koma wa gwanjon motocin Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. A 2003 gwamnatin tarayya ta mai da alawus ɗin ma'aikata kuɗi a hannu, sayen motocin ofis ya ragu. Turai ta daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, kusan shekara talatin ke nan. A 2006 kuma gwamnati ta sayar da hannun jarinta na PAN.

Yanzu ina waɗannan motoci suke? Da yawa suna jibge a bayan gidaje, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ciki, magada kuma suna jiran 'yan gwangwan su zo su auna ƙarfen a kilo. Alhali kuwa ƙungiyar FIVA, mai kula da sha'anin motocin tarihi a duniya, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 kuma aka adana ta a kan asalinta a matsayin kayan tarihi. Ke nan duk Fijon da ta fito daga Kakuri kafin 1995 ta cika sharaɗin shekaru. Idan muka bari aka narkar da su duka, da me za mu nuna wa 'ya'yanmu cewa an taɓa harhaɗa mota a Kaduna, ma'aikacin gwamnati kuma ya taɓa sayen sabuwa da guminsa?

Ga wanda yake da sha'awar mallakar irin wannan mota, sai ya lura da abubuwa kaɗan. Ya fara duba tsatsa a ƙarƙashi da ƙasan ƙofofi da cikin but, don inji yana gyaruwa, amma gangar jikin da ta ruɓe sai asarar kuɗi wajen mai walda. Motar da ta zauna a Arewa ta fi wadda ta sha iskar teku lafiyar jiki. Ya tabbata lambar shasi da ta inji sun yi daidai da takardu, in kuma motar gado ce, ya tabbata duk magada sun yarda kafin ya biya. Wadda take da injinta da kujerunta da fitilunta na asali ta fi wadda aka yi wa kwaskwarima daraja, ko da fentinta ya koɗe. In ya ga sitiyari a dama, to alama ce mai ƙarfi cewa motar ta shigo kafin 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Kayan gyara kuwa sai a nema a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a kuma riƙi tsohon bakanike da ya san kafireta, don irinsu kullum raguwa suke yi.

Kada kuma wani ya ruɗi kansa, tsohuwar mota tana shan mai, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuwa abin ya ƙara nauyi. Ba ta kuma da irin kariyar motocin zamani lokacin haɗari. Saboda haka a ajiye ta a inuwa, a riƙa tayar da ita duk mako, a fita da ita ranar Juma'a ko Sallah.

A ƙarshe ina ba wa shugabannin ƙungiyarmu shawara cewa a taronmu na shekara mai zuwa, duk wanda yake da irin wannan mota a gidansu ya gyara ta ya zo da ita harabar makaranta, a tara ɗalibai, malamanmu na da kuma su ba su labarinta da bakinsu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa malamanmu lafiya da tsawon rai, amin.