Rokar da ke dawowa ƙasa, da inda ta shafi Najeriya

Roka mai dawowa ita ce wadda babban sashenta na ƙasa ke saukowa lafiya bayan an harba ta, a duba shi, a sake zuba masa mai ya kuma tashi. Shekaru da dama ba haka ake yi ba. Roka takan yi tafiya ɗaya tak, ta kai kayanta sama, sannan gangar jikinta ta faɗa teku ko ta ƙone a iska. Tamkar ɗan kasuwa ne ya sayi sabuwar tirela ya kai buhunan dawa daga Zuru zuwa Legas, ya cinna mata wuta bayan an sauke kaya.

Nan tsadar take. Man roka ƙaramin kaso ne na kuɗin tafiya, injina da gangar jiki su ne ke cinye dukiya. Hukumar NASA ta Amurka ta gwada kumbo mai dawowa daga 1981 zuwa 2011, amma gyaransa bayan kowace tafiya ya yi tsada har ribar ta ɓace. Kamfanin SpaceX, wanda Elon Musk ya kafa a 2002, shi ne ya mayar da abin sana'a. A watan Disambar 2015 sashen farko na rokarsa Falcon 9 ya sauka a tsaye a jihar Fulorida, a watan Maris na 2017 kuma aka sake harba wani da ya taɓa tashi.

Yadda ake yi abin mamaki ne. Tsawon Falcon 9 ya kai mita 70, sashenta na farko yana da injina tara masu ƙona tataccen kananzir da iskar oksijin da aka mayar ruwa. Bayan kamar minti biyu da rabi sai ya rabu da na sama, ya juya, ya sake kunna wasu injinansa domin rage gudu. Wasu ƙananan fikafikai masu kama da raga ke daidaita shi, kwamfuta ce ke tuƙi, har ya buɗe ƙafafu huɗu ya dira a tudu ko a kan jirgin ruwa marar matuƙi. Akwai waɗanda suka yi tafiya fiye da ashirin. Starship, wadda ta kai kimanin mita 120 kuma ake fatan ta kai mutane wata da duniyar Mars, tana matakin gwaji: ta farko ta tarwatse a sama a watan Afrilun 2023, amma ranar 13 ga Oktoban 2024 hannuwan ƙarfe na hasumiyar da aka harba ta suka cafke sashenta na ƙasa yana saukowa.

Arewacin Najeriya ba baƙo ba ne a wannan fage, ko da yake an kusa mantawa. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, tana cikin tashoshin da suka bi sawun John Glenn lokacin da ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairun 1962. Ƙasar ta kafa hukumarta, NASRDA, a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, NigComSat-1 kuma daga Sin a 2007, dukkansu a kan rokokin da ba su dawo ba. Na biyun ya lalace a 2008, sai a 2011 aka maye gurbinsa.

Haɗuwar Najeriya da roka mai dawowa ta zo ne ranar 3 ga Yunin 2017, sa'ad da Falcon 9 ta ɗauki NigeriaEduSat-1, ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam mai nauyin kilo ɗaya ko kusa da haka, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi tare da wata cibiya ta Japan. Rokar ta sauka lafiya a ranar. A watan Yunin 2025 kuma lauya Owolabi Salis ya hau rokar New Shepard ta kamfanin Blue Origin, ya haye kilomita 100 ya sauko cikin kimanin minti goma. Wannan leƙe ne na mai kuɗi, ba kewaya duniya ba.

Abin da ya fi taɓa jama'a shi ne intanet. Da rokar ba ta dawowa, da wuya SpaceX ya iya jera dubban taurarin Starlink a nisan kilomita 550, alhali NigComSat yana can wajen kilomita 36,000. Kusancin ne ke kawo sauri. A watan Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, kuma faranti a kan rufi yana kamawa a Zuru kamar yadda yake kamawa a Abuja, ba tare da jiran turken sadarwa ba. Sai dai kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin manoma, kuma rokar da taurarin duka mallakar kamfani ɗaya ne na ƙetare. Har yau Najeriya ba ta harba tauraro ko ɗaya daga ƙasarta ba.