Asalin Babban Baƙi da Ƙaramin Baƙi

Duk wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya gamu da wannan wahala. Ka sha fama ka gane a, sai malam ya ce ga wani A kuma, sunansu ɗaya. Wanda ya yi karatun allo ya fi kowa mamaki, don ajami ba shi da babban baƙi. Baƙin Larabci yakan sake kama a farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe, amma ba a ƙara masa girma don sunan mutum ko na gari. To, ina boko ya samo baƙaƙe iri biyu?

Manyan su ne na fari. Mutanen Rum na da, a ƙasar Italiya, da su suke sassaƙa rubutu bisa dutse. Har yau akwai wani ginshiƙi a birnin Rum da aka kafa a shekara ta 113. Rubutun da ke gindinsa duk manyan baƙaƙe ne. Amma mai alƙalami yana sauri. Hannunsa yana lanƙwasa baƙi, yana rage shi, har ƙanana suka fito. Wajen shekara ta 800, zamanin sarki Sharleman, marubutan ƙasashen Turai suka daidaita ƙananan nan. Manyan kuwa aka bar su a farkon magana da kan labari.

Wajen 1450 wani Bajamushe mai suna Gutenbag ya fara buga littafi da baƙaƙen ƙarfe, kowane baƙi da ɗan ƙarfensa. Daga baya masu ɗab'i suka riƙa ajiye su cikin akwati biyu: manya a sama, ƙanana a ƙasa kusa da hannu, don su aka fi ɗauka. Sun kuma ƙera iri na uku, mai kamar babba amma tsawonsa na ƙarami. Da shi littattafan Faransanci kan buga sunan mawallafi.

Da boko ya zo ga Hausa sai aka tarar da cikas. Turawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Da fari wasu suna sa ɗigo ƙarƙashin baƙi, wasu ƴar alama a gefensa. Bayan 1930 aka tsaya kan baƙaƙe masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta kai su ko'ina. Kowannensu sai da aka yi masa babba: Ɓ, Ɗ, Ƙ. Nan Nijar muna da na huɗu, ƴ da Ƴ. Mutanen Najeriya 'y suke rubutawa. Mashin ɗin buga takarda na Faransa bai san ko ɗayansu ba. Sai akawu ya buga D ya ƙara lanƙwasa da biro, in ya manta Ɗan ya koma Dan. Yau dai waya da kwamfuta suna iya fitar da su.

Kada ku ce ado ne kawai. Rubuta “ya yi maganar gazawa”, an ji mutum ya kasa. Rubuta “ya yi maganar Gazawa”, an san garin nan ne da aka cire daga hukumar Agye a 2011. Haka “na ga dogo” daban da “na ga Dogo”. Gidan Rumji manya biyu yake ɗauka, don ba gidan wani ake nufi ba, gari ne.

Ranar da aka miƙo maka takardar katin ɗan ƙasa aka ce cika sunanka da manyan baƙaƙe, dalili shi ne ba su manne wa juna, ma'aikaci ba zai ɗauki u a kan n ba. Rubuta su ɗai-ɗai, ka duba sau biyu kafin ka mayar, don gyaran suna a ofis yana cin kwanaki da kuɗin mota.